Ruwan da Aka Hana Yaya Dogo a Lome

A Legas aka fara cutarmu, tun jar ƙasar Kafanchan ba ta gama fita daga takalmanmu ba. Mu biyu ne, ni da Yaya Dogo, ɗan wan babana. Ya girme ni sosai. Ya yi aikin kuku a soja lokacin yaƙin basasa, ya dawo Kagoro da tabo a ƙwauri, da dariya mai ƙarfi, da son burkutu. Ni kuwa sabon fita ne daga makarantar mishan, ban san komai na duniya ba sai abin da na karanta a 'yan littattafan soyayya da ake shimfiɗawa a bakin tashar jirgin ƙasa. A cikinsu saurayi yakan haye teku da riga ɗaya, ya dawo da kwat da agogo, budurwa ta faɗa ƙirjinsa tana kuka. Na gaskata su da dukan zuciyata. Shi ya sa Yaya yake kirana Ango, ko da yake ko budurwa ba ni da ita.

Wani mutum mai farin takalmi ya tare mu a bakin tashar jiragen ruwa, ya ce yana da hanyar sa mutane aiki a jirgin da ke zuwa Ingila, ana ma neman kuku. Ya karɓi abin da ya karɓa, ya ce mu ajiye akwatinmu, har da littattafaina a ciki, a ofishinsa mu je a ɗauke mu hoto. Da muka dawo, ofishin ashe shagon wani tela ne, telan kuma ya rantse bai san mutumin ba, inuwa kawai ya roƙa. Na zauna a bakin kwata na yi kuka. Yaya ya tsaya a kaina yana sosa gemu.

"Littattafanka sun tafi Ingila, Ango," ya ce. "Tashi mu bi su a ƙasa."

Kunya ta hana mu komawa gida. Aka ce mana a Abijan aiki yana neman mutane, sai muka nufi yamma.

A Kwatano na fara sanin abin da ake kira baƙunci. Turancin da nake taƙama da shi ya zama banza, Faransanci ake yi. Muka yi dako a kasuwa, muna kwana a rumfar wata mai sayar da koko. Ba mu taɓa fahimtar kalma ɗaya daga bakinta ba, amma kullum da safe sai ta kankare ƙasan tukunya ta miƙo mana, tana yi mana faɗa da yarenta kamar 'ya'yanta. Har yau in na ji ƙanshin koko mai ƙauri, ita nake gani.

Daga nan wani direban babbar mota ya ce zai kai mu Abijan in za mu yi masa lodi da sauke kaya a hanya. Muka yi. Ya tsaya a wani gari na bakin teku mai itatuwan kwakwa, muka sauke masa buhunan gishiri, ya nuna ƙasa da yatsa ya ce, "Abijan." Rabin yini muna yawo, ina ta kallon gine-gine ina ce wa Yaya lalle birnin ya kai yadda ake faɗa. Sai da muka faɗa unguwar Zongo, muka ji Hausa, wani tsoho mai goro ya dube mu da tausayi ya ce, "Samari, nan Lome ne. Abijan akwai ƙasa guda a tsakaninku da ita."

A Lome muka tsaya. Yaya ya sami dakon siminti a tashar jirgin ruwa. Ni kuma wata mata da ake kira Madam Akosiwa ta ɗauke ni aiki a ƙaramin masaukinta na baƙi. Ta taɓa cinikin atamfa a Legas, tana jin Turancin kasuwa, da shi muke magana. Mace ce mai kauri, mai tsawa, ba ta iya ba ka abinci ba tare da ta zage ka ba.

Masaukin Madam ba shi da wani abin nunawa sai abu ɗaya. A ƙarshen titin akwai babban otal na Turawa, mai tafkin wanka da aka gina da siminti, kuma akwai shiri tsakaninta da su: duk baƙon da ya sauka wurinta, in ya nuna makullin ɗakinsa a ƙofa, zai shiga ya yi wanka a tafkin. Saboda wannan ne matasan Turawa masu jaka a baya suke sauka wurinmu. Aikina ne in ɗauki tawul in raka su har ƙofa. A nan nake tsayawa, ma'aikaci ba ya wucewa. Amma ta tsakanin furannin shinge ina hango ruwan. Ban taɓa ganin shuɗi irin wannan ba. Kamar an yanko sararin sama an shimfiɗa a ƙasa, ba ganye, ba laka, kana ganin gindinsa tas. Nakan tsaya da tawul a kafaɗa ina ƙirƙira wata yarinya mai farar riga zaune a bakinsa tana jirana, har mai gadi, wani Bazabarme mai suna Malam Idi, ya ce, "Istifanus, in ka gama auren sai ka matsa, mota za ta shiga."

Garin shimfiɗe yake kamar tabarma. Idona ya yi ta neman dutse bai samu ba. A Kagoro in ka buɗe ƙofa da safe dutse ne yake fara gaishe ka, hazo kwance a kafaɗarsa. A nan sai teku, mai ruri dare da rana kamar yana fushi da wani. Mukan zauna da Yaya da yamma a ƙofar ɗakinmu na Zongo muna lissafa abincin gida, gwaten acca da yakuwa, da wake mai riɗi, har yunwa ta kore mu ciki.

A damina ta biyu tari ya kama shi. Da farko ya ce ƙurar siminti ce. Daga baya ya fara ɓoye tsumman da yake tofawa a ciki. Asibiti suka riƙe shi ɗan lokaci, suka sallame shi da ƙwayoyi da kallon da ba ya bukatar fassara. Mutumin da yake ɗaukar buhu biyu a kai ya koma ina ɗaga shi da hannu ɗaya.

Wata rana da hantsi ina shafa masa man zafi a baya, ya ce, "Ango, ba a yi mini baftisma ba."

Na sani. Duk Kagoro an sani. A ikilisiyarmu ba a yayyafa wa mutum ruwa, nutsar da shi ake yi gaba ɗaya a rafi, a gaban jama'a, bayan ya gama ajin masu neman baftisma, dattawa sun shaida halinsa. Yaya ya shiga ajin ba sau ɗaya ba, kullum sai wani dattijo ya ji warin burkutu a bakinsa a cire sunansa. Uwarsa, Mama Tabita, tana cikin manyan Zumuntar Mata ta ikilisiya. Kowace shekara takan tsaya a bakin rafin da ke gindin dutse tana waƙa ana nutsar da 'ya'yan wasu, sannan ta koma gida.

"Tun da ciwon nan ya kama ni ban sa burkutu a baki ba," ya ce. "Ba na so a je a gaya wa tsohuwa na tafi haka a bushe."

Madam 'yar Katolika ce. Da ta ji, ta turo Fada har ɗakinmu, wani dattijo mai kirki, da 'yar kwalbar ruwa a aljihu. Yaya ya sa na ba shi kujera, ya gode masa ƙwarai, sannan ya ce da ni, "Gaya wa Fada kada ya ji haushi. Ni ba rigar guga ba ne da za a yayyafa mini. Irin dauɗata sai an jiƙa." Ban fassara duka ba. Fada ya yi masa addu'a ya tafi.

Akwai ƙaramar majami'ar masu jin Hausa a Zongo, a rumfar wani kafinta, yawancinsu masu gadi ne da matansu. Mai kula da su Fasto Audu ne, mutumin Zuru, gajere mai sanyin murya. Ya zo ya yi ta zama da Yaya yana yi masa tambayoyi, a ƙarshe ya ce ya gamsu. Sai maganar ruwa. Teku a Lome ba ya wasa, igiyarsa tana kayar da ƙato mai lafiya ta ja shi ciki, balle mai ƙirji kamar na Yaya. Tabkin da ke bayan gari kuwa nan dattin gari yake taruwa. Rafin kirki yana da nisa, Yaya ba zai kai ba.

Ni na tuna da shuɗin ruwan nan. Na sami Madam tana yanka albasa.

"Madam, kowane baƙo na gidan nan yana da izinin shiga tafkin babban otal?"

"Kowane baƙo mai makulli."

"Ko baƙar fata ne?"

Ta ajiye wuƙa ta dube ni. "Wa kake so ka kai?"

Na gaya mata. Ta zage ni, ta zagi Najeriya, ta zagi taurin kan 'yan mishan da ruwan Fada bai ishe su ba. Sannan ta shiga ciki ta fito da makulli mai kan tagulla.

"Daga yau ɗan'uwanka baƙona ne. Amma ka saurare ni da kunnen nan naka. Ku je da tsakar rana, lokacin da Turawa suke cin abinci. Shi da faston kawai, da gajeren wando kamar masu wanka. Kai ka riƙe tawul. A tsoma shi, a fito, a tafi. Kada ya yi tari a ƙofa."

Na kai wa Yaya saƙon da murna. Ya girgiza kai.

"Gidan burkutu da rana tsaka nake shiga, kowa yana gani. Sai wurin Yesu ne zan shiga kamar ɓarawon kaza? Baftisma shaida ce, Ango. In ba masu gani, shaidar me na bayar?"

Fasto Audu ya goyi bayansa. Ya ƙara da cewa ba a shiga ruwan mutum ba a gaishe shi ba. Ko a gida, kafin a sauka rafi, sai an je an gai da mai gonar da za a ratsa. Ni ma a raina na ga abin ya yi kyau. Na riga na gama zana shi: manaja zai ji waƙa ya fito, idonsa ya cika da hawaye, Turawa su miƙe tsaye su cire huluna.

Ranar Lahadi bayan sujada muka tashi. Muka ari amalanke muka shimfiɗa wa Yaya tabarma a ciki, yana sanye da farar riga da matan suka ɗinka masa. Matan suna gaba da tulun kiɗa suna waƙa, maza suna turawa, Fasto yana rungume da jan zakara na gaisuwa, ni ina riƙe da makulli da tawul. Da muka kusa, Yaya ya ce a sauke shi, da ƙafarsa zai shiga.

Malam Idi ya hango mu ya miƙe tsaye, bakinsa a buɗe.

"Istifanus, mene ne haka? Biki ne?"

Na nuna masa makulli. "Baƙon Madam ne, zai shiga ruwa."

"Makulli ɗaya mutum ɗaya na sani. Wannan kuwa gayya ce. Kai, har da zakara?" Ya dubi Yaya, ya ga yadda rigar take lilo a jikinsa, sai ya rage murya. "Da kun zo ku biyu shiru, da na kau da kai. Yanzu duk otal an ji ku. Dole in kira na sama."

Wanda ya fito ba Bature ba ne, baƙin mutum ne kamarmu, da kwat mai kyau, irin wadda nake mafarkin komawa gida da ita. Fasto ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa zakara, ya yi bayani a hankali, Malam Idi yana juyawa da Faransanci. Mutumin bai karɓi zakaran ba. Ya karɓi makullin daga hannuna yana juya shi.

"Ya ce shirin na masu hutu ne da suka zo wanka," in ji Malam Idi, idonsa a ƙasa. "Ba na coci ba ne."

"Gaya masa wanka ne," Yaya ya ce. "Wanda ya fi kowane."

Yana rufe baki tarin ya zo. Ya yi ƙoƙarin danne shi, ya ƙi. Ya sunkuya ya riƙe ƙarfen ƙofa, jikinsa duka yana girgiza, da ya ɗago akwai ja a gaban farar rigar. Manajan ya ja da baya, ya sa hankici a hanci. Ya yi magana gajeriya, ya jefa makullin a aljihunsa, ya juya.

Malam Idi ya fassara. "Ya ce akwai yara a ruwan. Ya ce kuma a gaya wa Madam, daga yau baƙinta ba sa shiga." Ya jawo ƙofar a hankali, kamar mai tsoron kada ta yi ƙara. "Ku yi haƙuri, bayin Allah. Ni ma baƙo ne a nan."

Ba wanda ya sake waƙa. Ba mu iya komawa ta titi ba, mutane sun taru suna kallo, sai muka bi gefen katanga muka sauka bakin teku. Amalanke ya ƙi tafiya a yashi. Muka ɗauki Yaya muka kwantar da shi a inuwar kwakwa. Ta bayan katanga muna jin ƙarar faɗawar masu wanka da dariyarsu. A gabanmu teku yana tashi kamar gini yana rushewa. Yaya ya daɗe yana kallonsa.

"Ku kai ni can," ya ce. "In ya tafi da ni, ai dai na jiƙe."

"Ba zan iya ba, ɗan'uwa," Fasto ya ce. "Baftisma aka aiko ni in yi, ba kisa ba."

Akwai masunta kusa da mu suna gyaran taru. Wani tsoho a cikinsu, mai farin gashi a ƙirji, ya taso ya tsaya yana dubanmu: mata da ankon coci suna share hawaye, gajeren mutum da zakara, dogo kwance da jini a riga. Ɗaya daga cikin matanmu tana jin yarensu, ta gaya masa abin da ya faru. Ya tambaya ko dole sai a tafki. Ta ce a'a, ruwa dai da zai rufe mutum duka. Ya auna tsawon Yaya da ido, daga kai har ƙafa, ya yi wa mutanensa tsawa.

Wani tsohon kwalekwale suka jawo, ƙarami, wanda aka daina fita da shi. Suka birkice shi, suka ciro katakan zama, suka tokare shi da yashi hagu da dama. Matansu suka kawo manyan kwanonin da suke ɗaukar kifi. Kafin mu gane abin da ake yi, layi ya tashi daga bakin ruwa zuwa kwalekwalen, kwano yana bin hannu. Muka shiga layin, mu da ba mu san sunan ko ɗayansu ba. Jirgin yana yoyo ta gindi, ana zubawa yana tsiyayewa, sai aka ƙara sauri. Wata cikin matanmu ta ɗauki tulu ta fara bugawa, waƙar ta dawo.

Ruwan ba shuɗi ba ne. Ruwan kasa-kasa ne mai yashi, ɓawon kifi yana yawo a kai. Muka zaunar da Yaya a ciki, ya ja numfashi saboda sanyi. Fasto ya durƙusa a yashi ta wajen kansa, ya tambaye shi bangaskiyarsa, ya amsa da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. Sannan ya tambayi sabon sunan da ya zaɓa, kamar yadda ake yi.

"Da Bitrus na yi niyya," Yaya ya ce, yana shinshina ruwan. "Amma da wannan ƙarnin kifi, Fasto, sa mini Yunana kawai, wanda kifi ya haɗiye."

Har Fasto sai da ya yi dariya, hawaye yana bin kumatunsa. Ya sa hannu ɗaya a bayan wuyansa, ɗaya a kan fuskarsa, ya kira sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kwantar da shi. Kai ya nutse, ƙirji ya nutse, sai ƙafafun nan dogaye suka taso sama. Na faɗa a kansu da hannu biyu na danna har ƙasan jirgin. Na ji ƙasusuwan ƙwaurinsa a tafina, na ji tsohon tabon nan na yaƙi. Ruwa ya rufe shi ruf.

Da aka ɗago shi ya yi tari mai tsawo. Da ya samu numfashi, ni ya nema da ido.

"Duk na shiga, Ango?"

"Duk ka shiga, Yaya. Har yatsu."

Ya rufe ido, ya jingina kansa a kafaɗar Fasto. Aka ba tsohon masuncin zakara. Ya ƙi, Fasto ya nace, ya karɓa.

Bai ga wata Lahadin ba. Muka binne shi a maƙabartar baƙi, a cikin yashi mai zubowa ana haƙa yana komawa. Madam ba ta yi mini magana ba tun ranar da na koma ba makulli, amma ita ta aiko farin yadin da muka naɗe shi. Baƙinta suka ragu, masu jaka a baya suka koma wani masaukin. Wata safiya ta ce in nemi wani wuri, ta cusa mini ƙullin gari da soyayyen kifi a hannu, ta juya baya kafin in gode. Mutanen Zongo suka haɗa ni da motar goro mai zuwa arewa.

Na isa Kagoro da kaka, ana sussukar acca. Na sami Mama Tabita a tsakar gida tana shiƙa. Ta ga na shigo ni kaɗai, ta dubi bayana, ta ajiye faifan a hankali. Na durƙusa. Ba ta tambayi abin da ya kashe shi ba, ba ta tambayi inda yake kwance ba.

"Ya shiga ruwa?"

"Ya shiga, Mama."

"Na yayyafi, ko na gaske?"

"Na gaske. Fasto ya yi, a gaban jama'a, da waƙa. Ni na riƙe ƙafafunsa."

Ta kama hannuwana biyu ta juya su tana dubawa, ta ɗora su a kan fuskarta.

"Wane suna aka sa masa?"

Na gaya mata. Ta maimaita shi a hankali, kamar mai ɗanɗana abu. Sannan ta miƙe, ta ɗora hannu a ka, ta fasa kuka da dukan muryarta tana kiran ɗanta da shi. Maƙwabta suka fito da gudu, suka cika ƙofar gida, suna tambayar juna wane ne Yunana.